Yau ta farko ta fito daga kwanso

Talata, da dare.

Da asuba na leƙa kwalin tsutsotsin silikina, sai na ga bakin kwanso ɗaya ya jiƙe. Kwana 13 ke nan tun da tsutsar ta kulle kanta a ciki. Na jawo kujera na zauna, aikin safe ya jira. Can sai ga kai ya leƙo, sai ƙafafu, ta yi ta fama har ta zare jikinta. Fara sol, mai gashi-gashi, kamar ƙaramin malam-buɗe-littafi, fukafukanta a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Wani ruwa take fitarwa daga baki, shi ke narkar da ƙaron da ya manne zaren, sannan ta tura ta fito.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ramin da ta bari. Kwanson nan zare ɗaya ne tak, wanda tsawonsa kan kai mita 300 zuwa 900, kuma kwana 2 zuwa 3 ta yi tana jujjuya kai tana saƙa shi. Yanzu ya lalace, ba zai waru a sili ɗaya ba. Shi ya sa masu sana'ar ba sa jira, da zafi suke kashe ta tun tana ciki, su jiƙa kwanson a ruwan zafi su ware zaren. Na san da haka tun farko, har tukunya na tanada. Ranar da lokacin ya yi, hannuna ya ƙi.

To ina zan iya? Tun suna ƙwai kamar kan allura nake tare da su. Sun ƙyanƙyashe baƙaƙe, sirara kamar gashin ido. Wata guda cur ina ɗawainiyar ganyen wata bishiya mai suna malbari, don shi ne abincinsu, kuma ba sa son jiƙaƙƙe. Sau 4 suka yi saɓa. Kafin kowace saɓa sukan daina ci, su ɗaga kai su sandare. Karon farko na ɗauka mutuwa suka yi, saura kaɗan in zubar da su. A makon ƙarshe kuwa, ƙarar cinsu da dare sai ka ce yayyafi.

Da la'asar wani ya fito, siriri, yana ta kaɗa fukafukai, namiji ke nan. Bai tashi sama ba, ba kuma zai tashi ba. Shekaru kusan 5,000 da mutanen Sin suka fara kiwonsu, har tashi ya ɓace musu. Ba sa cin komai kuma, kwanakin da suka rage musu ba su wuce mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. A ciki za su haɗu, macen ta zuba ƙwai 300 zuwa 500.

Na shimfiɗa mata farar takarda a ƙasan kwalin. Saura kwanso 9, tukunyar kuma na mayar da ita inda na ɗauko ta.