Daren hunturu da bargon da ba a gani

A watan Janairu, idan hunturu ya kankama a Kaduna, rana takan yi zafi da azahar, amma kafin asuba sai ka tarar da mutane a Tudun Wada sun kewaye wutar mai shayi, ruwan alwala kuwa kamar ƙanƙara. A ƙarshen Afrilu kuma, lokacin da hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi laima, zafin rana ba ya barin gari ko da dare ya tsala. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin halin lokaci kawai, kafin na san cewa wani masani ɗan ƙasar Ailan, John Tyndall, ya auna ɗaya daga cikin manyan dalilansa a Landan tun a 1859.

Tyndall ya gano cewa iskar oksijin da naitirojin, waɗanda su ne mafi yawa a sararin sama, kusan ba sa tare zafin da ƙasa ke fitarwa, amma tururin ruwa da iskar kabon (carbon dioxide, wadda ke fita idan an ƙona itace ko mai) suna riƙe shi. Busasshiyar iskar hunturu ba ta da tururi sosai, don haka zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere cikin dare. Turawa suna kwatanta abin da ɗakin gilashi na rainon shuka, amma ni a ganina bargo ya fi dacewa da mu.

Ba Tyndall ne ya fara tunanin ba. A 1824 Joseph Fourier na Faransa ya yi bayanin cewa sararin sama ne ke sa duniya ta fi ɗumi fiye da yadda hasken rana kaɗai zai sa. Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Eunice Foote, wata mata a jihar New York ta Amurka. A 1856 ta cika kwalaben gilashi da iska daban-daban, ta sa ma'aunin zafi a cikinsu, ta ajiye su a rana, sai mai iskar kabon ta fi kowace zafi, ta kuma fi daɗewa kafin ta huce. Wani namiji, Joseph Henry, ya karanta takardarta a taron masana, daga nan aka manta da ita fiye da shekara ɗari.

Shi ya sa nake mamaki idan na ji ana cewa ɗumamar yanayi sabon zance ne. A 1896, kafin Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, Svante Arrhenius na Suwidin ya zauna da alƙalami ya lissafa cewa idan iskar kabon ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Abin bai dame shi ba, domin yana ganin ƙasashen sanyi irin tasa za su amfana. Lokacin da Charles Keeling, wani masani ɗan Amurka, ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawaii a 1958, iskar kabon tana kusan kashi 315 cikin miliyan; yanzu ta haura 420.