Wai sai bidiyo ya fito kafin jami'a ta ga laifin ɗan wasanta?

Ƙwallon da nake nufi ba tamu ta ƙafa bace, waccan ce ta Amurkawa da ake rungume ƙwallo a ruga a guje kowa da hular kwano a ka. Can jami'o'i ma suna da ƙungiyoyinsu, kuma kar ka ɗauka wasan yara ne fa, filin jami'ar Oklahoma da ke garin Norman sama da mutum dubu 80 yake ɗauka, yaran ɗalibai ne ana ba su karatu kyauta su buga wa makaranta, kocinsu kuma a jihohi da yawa ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. To idan yaron da ake taƙama da shi ya yi ɓarna waye zai hukunta shi? Kocin nan dai da abincinsa ke rataye a ƙafar yaron. Ni a wurina an ba kura ajiyar nama ne kawai.

Ku duba maganar Joe Mixon. Yuli 2014 ne, ya cika shekara 18 kenan, bai ma buga wa Oklahoma wasa ko ɗaya ba amma duk ƙasar an san shi cikin yaran da suka fi kowa gudu da ƙwallo. Cikin dare a wani ɗan gidan abinci kusa da makaranta cacar baki ta haɗa shi da wata ɗaliba, ta ture shi ta mare shi, shi kuma ya dunƙule hannu ya kai mata naushi ɗaya, fuskarta ta daki tebur ta zube ƙasa, ya juya ya fice abinsa. Ƙashi huɗu ya karye a fuskar yarinyar, sai da aka mata aiki aka ɗaure muƙamuƙinta da waya. Kyamarar shagon ta ɗauki komai.

A kotu ƙaramin laifi aka tuhume shi da shi, aka sa masa ido na shekara ɗaya, aikin al'umma na awa 100 da zuwa wurin masu ba da shawara. Wannan ruwan kotu ne, ni ba nan raina ya fi ɓaci ba. Koci Bob Stoops da shugabannin jami'ar sun zauna sun kalli bidiyon nan tun a lokacin, da idonsu, sai suka ce an dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya. Da jin haka sai ka ce ai an yi hukunci, amma dokar wasannin jami'o'i a lokacin ta ba ɗalibi shekara biyar ya buga kaka huɗu a ciki, kenan ko kaka ɗaya bai yi asara ba, karatunsa na kyauta na nan, 2015 ya dawo fili, 2016 ya yi gudun sama da yadi 1,200 ana ta masa tafi.

Sai a Disamba 2016 bidiyon ya fito bayan kotun ƙolin jihar ta ce jama'a na da haƙƙin gani. Nan fa gari ya ɗau zafi, Stoops ya fito yana cewa da yanzu ne abun ya faru kora ce kaɗai mafita. Haba malam, me ya canza a cikin bidiyon? Naushin dai shine, yarinyar itace, bambancin kawai yanzu mutane sun gani. Kuma duk da wannan magana tasa yaron ya buga babban wasan ƙarshen kaka na Sugar Bowl a Janairu 2017, a Afrilu ƙungiyar ƙwararru ta Cincinnati Bengals ta ɗauke shi.

Jami'ar Florida State kuwa a Yuni 2015 wani sabon shiga, De'Andre Johnson, shi ma an ɗauke shi a kyamara ya naushi mace a mashaya, ranar da bidiyon ya fita a Yuli ranar aka kore shi. Daidai ne, ban ce ba daidai bane. Amma yaro ne ɗan benci, tafiyarsa ba ta rage musu komai ba. Makarantar nan ce dai ta tauraron ɗan wasa Jameis Winston, wanda wata ɗaliba ta zarga da fyaɗe kan abun da tace ya faru a Disamba 2012, 'yan sandan Tallahassee, garin da jami'ar take, suka bar maganar kusan shekara ba wani motsi, mai gabatar da ƙara ya ce hujja ba ta isa ba, ba a taɓa gurfanar da shi ba don haka ni ba zan ce ya aikata ba. Abun da na sani shine ko wasa ɗaya bai rasa ba saboda wannan zargi, kuma a 2016 jami'ar ta biya dala dubu 950 don kashe ƙarar da yarinyar ta shigar kan yadda suka riƙe maganarta.

Kar a ɗauka cewa nake da an zargi yaro a kore shi. A wannan 2015 ɗin an tuhumi Dalvin Cook na Florida State da dukan wata mata, aka dakatar da shi, kotu ta wanke shi a Agusta ya koma wasa, da korarsa aka yi ai an zalunce shi. Da yawa cikin yaran nan daga gidajen talakawa suka fito, ƙwallon ce hanyarsu ta karatu, wannan ma abun dubawa ne.

Abun da nake so a cire hukuncin daga hannun koci gaba ɗaya. A rubuta doka tun kafin a san wa zai yi laifi, duk wanda aka tuhuma da duka ko fyaɗe ya ajiye rigar wasa har kotu ta gama, gwani ne ko ɗan benci, sannan wani kwamiti da ba ruwansa da sakamakon wasa ya duba sauran. Jami'ar Baylor ta bar maganar a hannun masu ƙwallo, da lauyoyin da ta ɗauko daga waje suka yi bincike sai suka gano har ma'aikatan ƙungiyar ne ke zama da 'yan matan da suka kawo ƙorafi ba tare da sun kai rahoto inda ya dace ba, a Mayu 2016 aka kori koci Art Briles aka sauke Ken Starr daga shugabancin jami'ar, alhali tun 2014 kotu ta ɗaure ɗan wasansu Tevin Elliott shekara 20 kan fyaɗe.