Laraba: maganar Yaya a kan fushin Akilis

Ciwon kan jiya bai sake ni ba sai hantsi. Kunu, magani, na koma kan tabarma da wani littafi na Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwar da ya daɗe yana duba tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. A 1994 ya fitar da shi. Ya jera maganganun marasa lafiyarsa kusa da Iliyad, waƙar Homer, tsohon mawaƙin Girka, a kan yaƙin Taroyi da fushin jarumi Akilis, sai ya ga ciwon iri ɗaya ne.

Bayan la'asar Yaya ya shigo karɓar cajarsa, ya ga littafin, ya ce in ba shi labari a taƙaice. Ban kai rabi ba ya kwashe da dariya.

"Wai duk hayaniyar nan a kan mace ce? Jarumi guda ya ajiye makami, ana kashe 'yan'uwansa, don an ƙwace masa kuyanga? Wannan ai ƙuruciya ce."

Na ce Yaya, ka duba wanda ya ƙwace, da inda ya ƙwace. Agamemnon ne shugaban rundunar, kuma a bainar jama'a ya karɓe kuyangar, rabon da rundunar da kanta ta ba Akilis. Abin da Shay ya gani a wajen sojojinsa ke nan: tsoro da ganin jini suna hana barci, amma abin da ke rusa halin mutum shi ne babbansa ya ci amanarsa a lokacin da ransa ke hannun babban. Daga nan Akilis ya janye daga kowa, ya rage masa mutum ɗaya, amininsa Fatrokulus. Da Hekta, jarumin Taroyi, ya kashe wannan ɗin, sai Akilis ya watsa wa kansa toka, ya ƙi abinci, idonsa ya rufe, har ya ɗaure gawar Hekta a keken doki yana ja a ƙasa.

Yaya ya ce, "Homer ɗin likita ne? Ku masu karatu kuna cusa wa mutum abin da bai faɗa ba."

Wannan ce ta tsaya mini a rai, don akwai gaskiya a cikinta. Julian Jaynes, masanin halayyar ɗan Adam, a 1976 cewa ya yi mutanen Iliyad ba sa shawara da zuciyarsu kamar mu, muryoyi suke ji a kansu su ɗauka alloli ne. Ga Atina, ɗaya daga cikin allolinsu, ta kama gashin Akilis ta baya lokacin da yake zare takobi, shi kaɗai yake ganinta. Ni ban karɓi wannan ba. Kafin Atina ta sauko, waƙar ta riga ta ce zuciyarsa ta rabu biyu, ya sare Agamemnon ko ya danne fushi. Mai rabuwar zuciya ai yana shawara. Shi kansa Homer ana gardama a kansa: marubuci Samuel Butler a 1897 ya dage cewa wata budurwa 'yar Sisili ce ta tsara Odisi, ɗaya waƙar da ake jingina wa Homer. Wasu sun ga makahon mawaƙi Demodokus a cikin Odisi sun ce ga Homer nan ya zana kansa. Sai Milman Parry ya je Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 ya naɗi muryoyin mawaƙan baka, ya nuna yadda irin waɗannan waƙoƙi ke tafiya daga baki zuwa baki. Duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san kirari ya girmi mai rera shi. To zuciyar wa muke karantawa?

Zuciyar Homer dai na haƙura da ita. Amma ba wanda zai raba ni da cewa waɗanda suka rera waƙar nan sun zauna da mutanen da suka dawo daga yaƙi, sun ga yadda suke ci da yadda suke kwana.

Na ce, "Yaya, ka tuna Kawu bayan ya dawo daga Laberiya?"

Dariyar ta tsaya. Shi ya fi ni tunawa. Kawu ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, fuska ga ƙofa, takalmi a ƙafa ko a cikin ɗaki. In aka kawo tuwo sai ya ɗauki kwanonsa ya koma zaure shi kaɗai. Ƙyaure ya buga, ya miƙe tsaye. A gida cewa ake yi soja ya sa masa zafin rai, aka bar shi a haka har ya rasu. Yaya ya ce Allah ya jiƙansa, na ce amin, ya naɗe cajarsa ya tafi.

Magariba. An ɗauke wuta. Abba ya zo da aikin gida na lissafi, muka yi da fitilar waya.

Da dare na tambayi Umma ko akwai wanda Kawu ke yi wa zancen can. Ta ce akwai wani abokinsa da suka tafi tare, yana zuwa duk Juma'a su rufe zaure, kuma tana jin yana nan da ransa. Na roƙe ta ta nemo mini lambar ɗansa gobe.