Kanarin da ke bishiyar gwaibarmu

Yawancinmu a keji muka san kanari, rataye a ƙofar shagon tela ko mai aski. Shi ya sa idan ya sauka a tsakar gida ba kowa ke gane shi ba. Nan gidanmu a Rikkos, cikin Jos, akwai wani namiji da ya riƙe bishiyar gwaiba, kuma kullum bayan asuba sai ya hau can ƙololuwa ya saki murya.

Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa wajen santimita 12. Ciki ruwan ɗorawa, baya kore-kore, ƙeya ruwan toka. Amma fuskar za ka duba: yana da gira ruwan ɗorawa, da baƙin layi da ya gangaro daga gefen baki kamar gashin baki. Macen ba ta kai shi haske ba, kuma tana da ɗige-ɗige baƙaƙe a wuya. Kada a haɗa shi da tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa tana reto. Su sun fi girma, ga hayaniya.

Abincinsa ƙwayar ciyawa. Ƙarshen damina nakan ga ya dafe kan zangarniya, tana lanƙwasawa har ƙasa, yana tsinta ɗaya-ɗaya yana ɓare ƙaiƙayin da baki. Ganin haka na hana yara nome wata kusurwa ta bayan gida, na kuma ajiye kasko da ruwa. Acca ma yana so ƙwarai.

Waƙar ce ta fi tsaya mini a rai. Da ita namiji ke kiran mace, da ita kuma yake shaida wa sauran maza cewa wurin nan da mai shi. Masu tarko sun san wannan sarai. Sai su rataye keji mai ɗakuna da namiji a ciki, na daji ya ji baƙuwar murya a yankinsa, ya taso da faɗa, murfi ya rufe. Ita kuwa macen tana kwance kan ƙwai uku ko huɗu kusan mako biyu, kuma shi ke kawo mata abinci. In an kama shi a lokacin, da wuya sheƙar ta kai labari.

Ba na zagin masu kiwo, kawuna ma ya yi, kuma yana kula da nasa kamar 'ya'ya. Amma da wani yaro ya zo neman izinin kafa keji a gwaibar nan, na ce masa a'a, na ba shi kujera ya zauna ya saurara.