Yadda na ɗaura bambar baya a motar kat

Na ɗauka aikin rabin awa ne, sai ga shi ya ci min yini biyu. Bambar baya ta kat, ƙaramar motar tseren nan da ke kusa da ƙasa, ta roba ce mai faɗi da ke rufe bayan tayoyi, don kada tayar wani ta hau taka ana tsakiyar gudu ta wuntsila shi. Shi ya sa CIK-FIA, hukumar tseren kat ta duniya, ta wajabta ta.

Shasin kat bututun ƙarfe ne, nawa mai kaurin milimita 30, kuma bakin bututu biyu na buɗe ta baya. A nan ake cusa wata roba mai noti a ciki. Idan ka ɗaure sai ta kumbura ta kama cikin bututun. Ta dama ta shige sumul. Ta hagu ta ƙi. Na haska fitila, na ga tsatsa da guntun tsohuwar roba maƙale a ciki. Na naɗe samfefa a sanda na yi ta gogewa, sannan na shafa ruwan sabulu. Giris na fara ɗaukowa, Allah ya taimake ni na mayar, domin da shi robar za ta riƙa zamewa ne ta ƙi kamawa.

Awo bai ba ni wahala ba. Tsakanin bamba da taya ana son milimita 15 zuwa 50, faɗin kuma kada ya wuce 1400. Na bar wa salansa fili don zafi kada ya narkar da robar.

Kuskurena a ɗauri yake. Duk notin da na gani na matse shi da sifana har ƙarshe. Washegari na shiga filin tsere, motar ta ƙi shan kwana. Ina juya sitiyari, gaba na turewa waje, baya na tsalle-tsalle. Raina ya ɓaci sosai, don a makon da ya wuce lafiya lau take.

Wani dattijon makanike ya zo ya kama bambar ya girgiza, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "Ɗana, ka ɗaure mata ƙugu." Ya nuna min cewa kat ba ta da shokazoba, kuma sandar ƙarfe ɗaya ce ke juya tayoyin baya tare. Dole shasi ya ɗan lanƙwasa a kwana, tayar baya da ke ta cikin kwanar ta ɗaga kaɗan, sannan motar ta juya. Bambar da na matse ta haɗe bututun biyu ta hana su motsi.

Na ce, "Baba, ba za ta faɗi ba?" Ya ce a bar robobin cikin bututu da ƙarfinsu, a sassauta na maƙalan bambar kawai, a sa noti mai roba a baki wanda girgiza ba ta kwance shi. Muka sassauta har bambar ta riƙa ɗan wasa a hannu. Na koma fili, a kwana ta biyu na ji tayar ciki ta ɗaga.