Ni ne na ƙarshe a layi

Idan muka fita da ayari ba za ka gan ni a gaba ba. Yarana biyu ne a can, ɗaya riƙe da taswira, ɗaya goye da jakar magani. Ni ina baya, kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi kowa nawa. Baƙon da bai san ni ba yakan ɗauka ɗan dako ne, har ya miƙo mini jakarsa. Nakan karɓa.

Sana'ata fitar da mutane daga hayaniyar gari zuwa inda akwai duwatsu da daji da ruwa, mu yi tattaki na yini guda ko na kwana biyu zuwa uku. Tsakanin tafiye-tafiyen kuma ina horar da masu son dogon gudu. Mu huɗu ne duk kamfanin, har da mai riƙe mana littafi da waya. Ba ma wuce mutum 12 a fita ɗaya, don idona ba ya iya tsare fiye da haka a kan gangare.

Kusan duk mai zuwa wurinmu hutu yake cewa yana nema: ma'aikacin banki, malamar asibiti mai kwanan aiki, ɗan kasuwar da wayarsa ba ta yin shiru. Gajiyar irin waɗannan a ka take. Ko ka kwantar da mutum kwana uku a katifa, da ita zai tashi, tunda jikin bai yi abin da zai nemi barci ba. Amma ka sa shi ya taka awa biyar a kan tudu, za ka ji munsharinsa daga tanti tun kafin a kashe fitila. Wannan barcin nake sayarwa, kuma ba ya samuwa sai an yi tafiyar a hankali.

A shekarata ta farko ban san haka ba. Na ɗauka jagora shi ne wanda ya riga kowa isa. Wata rana na fita da mutum tara, cikinsu da wani matashi mai jini a jika, ɗan ɗaga ƙarfe. Muka shiga rige-rige ni da shi ba tare da wani ya furta ba. Da muka kai ƙololuwa na waiwaya, sai na ga huɗu kacal. Sauran a warwatse na tsinto su. Biyu sun bi wata 'yar hanya da ba ita ba. Wani dattijo kuma na same shi zaune kan dutse ya tuɓe takalmi, bororo ya fashe masa a dunduniya, safa ta manne da jini. Ruwansa ya ƙare tun da hantsi, kunya ta hana shi magana. Da hasken waya muka sauko. A mota ya ce da ni, "Ɗana, kai ka ga saman dutse, mu kuwa ƙeyarka muka wuni muna kallo." Na ce, "Baba, a yafe mini." Washegari na mayar wa kowa kuɗinsa.

Tun daga ranar ba na kai kowa hanyar da ban taka da ƙafata sau biyu ba, ɗaya a bushe, ɗaya bayan an yi ruwa, don dutsen da ka raina jiya yau sabulu ne. Lokaci kuwa da ƙa'idar William Naismith nake auna shi, wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotland da ya fitar da ita a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanya mai kilomita 12 da hawan mita 900 za ta ci kusan awa huɗu ke nan. Sai dai lissafin na ƙarfafa ne, babu tsayawa ɗaukar hoto a ciki, babu ɗaure igiyar takalmi. Ni rabi nake ƙarawa, in ce awa shida. Daga nan in yanke lokacin juyowa, in faɗa wa kowa tun muna gindin dutse. Agogo na bugawa za mu juya, ko da ƙololuwar na gabanmu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. An sha zagina a kan wannan, wani ma bai sake dawowa ba. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Sauran aikin ƙananan abubuwa ne masu yawa. Sabon takalmi ba ya hawa motata. Duk wanda ya ji dunduniya ta fara ɗumi, mu tsaya a manna filasta kafin ta yi ruwa. Kowa da rigar sanyi ko da rana na ƙuna a ƙasa, saboda duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, ga gumi ya jiƙa riga, ga iska. Mai hawan jini ko ciwon zuciya sai ya kawo mini yardar likitansa. Idan tafiyar ta zarce mita 2,500 kuma wani babi ne, don daga nan ciwon tsauni ke farawa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga gare shi, kuma idan ya tsananta maganinsa sauka. Shi ya sa jagororin Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, kalma ɗaya suke nanata wa baƙi da Suwahili, "pole pole", wato sannu-sannu.

Awo na kuwa hira ce. Ina jan na kusa da ni da zance, in ya iya kai jimla ƙarshe ba tare da haki ya yanke ta ba, to tafiyar daidai take. In ya fara amsa mini da kai, sai in daga murya in ce na gaba su rage.

Kyan wuri yana da nasa aikin. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyatan da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. In taga ta yi wannan, ina ga mutum ya shiga cikin bishiyoyin da kansa? Ina kallon baƙina. Awa ta farko hannu na aljihu, ana ɗaga waya sama ana neman sabis. Zuwa awa ta uku wani zai tsaya ya tambaye ni sunan tsuntsun da ke kuka. A nan nake sanin ya iso. Wata ta taɓa ara biro ta rubuta tsarin sana'ar da ta shekara tana juyawa a rai a bayan taswirata. Ban karɓi taswirar ba.

Masu gudu ma cutarsu ɗaya da ta matashin nan da muka yi rige-rige. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici ta ce baligi ya yi a mako, amma sabon shiga so yake ya yi su duka ranar farko, sai sharaɓa da gwiwa su kwantar da shi. Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, kuma wajen kilomita 30 ajiyar sukarin da ke tsoka da hanta kan ƙare, ƙafa ta koma kamar an ɗaura mata dutse. Wanda ya fizga da farko ya fi saurin cin karo da wannan. Nakan tuna musu Eliud Kipchoge na Kenya, da ya gama nisan cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019. Mutum 41 ne suka yi ta karɓa-karɓa a gefensa, suna tare masa iska suna daidaita masa taku.

Akwai wata Hajiya da ta zo mana bayan doguwar jinya, da takardar likita a hannu. Fitarta ta farko rabin hanya muka juya. Ta biyu lokaci ya cika saura ƙiris. Ta dubi saman, ta dube ni, ta juya ba ta ce uffan ba. A ta uku muka isa, mu biyu a ƙarshe, sauran har sun gama hotunansu. Ta sami wani faffaɗan dutse ta zauna. Hazo na tashi daga kwarin, kogin ya zama kamar zare a can ƙasa. Ta fi minti ashirin ba ta motsa ba, wayarta na cikin jaka.

Can ta ce, "Malam, saukar fa, awa nawa ce?"

Na ce, "Biyu da rabi, Hajiya, kuma ta fi cin gwiwa. Jibi ne za ki ji cinyoyinki."

Ta miƙo hannu na ba ta sanda. Na yi wa yaran alama su wuce gaba.