Kiwon Manyan Kifayen Siklid Masu Faɗa a Gida

Kifin Jaguwa na Amurka ta Tsakiya, ɗaya daga cikin siklid (wani dangin kifaye da galibinsu ke rayuwa a koguna da tafkuna), yakan haura santimita 35 a tsawo, kuma a ganina abu mafi wuya wajen hayayyafarsa shi ne kare macen daga namijin, domin idan ya shirya ita ba ta shirya ba, yana iya kashe ta cikin dare ɗaya. Shi ya sa nake raba tankin da shinge mai ƙaramar kafa wadda ita kaɗai ke iya wucewa ta tsere masa, domin ba ta kai shi girma ba.

Idan suka daidaita, sukan share faffaɗan dutse da baki, ta jera dubban ƙwai tana yi musu fifita, shi kuma yana gadi. A ɗumin ruwa na digiri 27 a ma'aunin Celsius, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 3.